Rabin Ƙarni a Ƙasar Wasu: Yadda 'Yan Gudun Hijirar Latbiya Suka Riƙe Harshe da Waƙa

Ranar 13 ga Oktoba, 1944, sojojin Tarayyar Sobiyet suka sake shiga Riga, babban birnin Latbiya. Kafin su iso, hanyoyin da suka nufi gaɓar Tekun Baltik sun riga sun cika da keken doki, da mata masu goyo, da tsofaffi ɗauke da ƙunshin kaya. Wasu suka shiga jiragen ruwan Jamus a tashoshin Liepaja da Ventspils. Wasu suka laɓe a dazukan yankin Kurzeme har dare ya tsala, sannan masunta suka ɗebe su a jiragen kamun kifi zuwa tsibirin Gotland na Suwidin. Mutum tsakanin 4,000 da 5,000 ne suka tsallake ta wannan hanya; teku ta cinye wasu, masu sintiri suka kama wasu. Da yaƙi ya ƙare a Mayun 1945, an ƙiyasta cewa Latbiyawa wajen 120,000 ne ke zaune a yankunan Jamus da ke hannun Amurka da Birtaniya da Faransa. Yawan mutanen ƙasar gaba ɗaya bai kai miliyan 2 ba a lokacin.

Akasarinsu sun fita ne da zaton 'yan watanni za su yi, Turawan Yamma su kori Rasha, kowa ya koma gonarsa. Sai zaman ya kai shekara 47. A cikin wannan tsawon lokaci suka haifi 'ya'ya da jikoki a Cikago da Toronto da Adelaide da Bradford, kuma da yawa daga cikin yaran suka tashi suna karatu da rubutu da waƙa cikin harshen ƙasar da ba su taɓa takawa ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗannan mutane sun yi kusan rabin ƙarni suna ja da wannan magana, da kuɗinsu da ranakun hutunsu, kuma labarinsu ya nuna abin da irin wannan ja ke iya samarwa da kuma inda yake gazawa.

Abin da ya kore su

Latbiya ta ayyana 'yancinta ranar 18 ga Nuwamba, 1918. Yarjejeniyar sirri da gwamnatocin Hitler da Stalin suka ƙulla a Agustan 1939 ce ta miƙa ta ga Mosko, kuma a Yunin 1940 tankokin Sobiyet suka shigo. Daren 14 ga Yuni, 1941, aka bi gida-gida aka kwashe mutum fiye da 15,000, jami'an gwamnati da hafsoshi da 'yan kasuwa da manyan manoma, har matansu da 'ya'yansu, aka loda su a taragon dabbobi zuwa Saberiya. Mako guda bayan haka Jamus ta auka wa Sobiyet, ta mamaye ƙasar. Shi ya sa da aka ji Rasha na dawowa a 1944, duk wanda ke zargin sunansa na cikin takarda bai tsaya wata-wata ba. Ba kowa ne ya tafi da son ransa ba. Jamusawa sun tasa ƙeyar dubbai zuwa aikin ƙarfi, sun kuma ɗebi wasu dubban samari aikin soja, galibi ala tilas, a rundunar Latbiyawa da suka kafa a 1943 ƙarƙashin Waffen-SS. Abin da masu gudun suka ji wa tsoro kuwa ya tabbata a Maris 1949, lokacin da aka sake kwashe mutum fiye da 40,000 zuwa Saberiya.

Irin mutanen da suka fita shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya. A cikinsu akwai kaso mai tsoka na malaman jami'a, da marubuta, da likitoci, da limaman coci, da masu koyar da waƙa. Marubuci Karlis Skalbe ya tsallaka Suwidin cikin jirgin masunta, ya rasu a Stockholm a 1945. Jazeps Vitols, wanda ya kafa makarantar koyon kiɗa ta Riga, ya rasu a Lubeck a 1948. Shugaban cocin Lutheran na ƙasar, Teodors Grinbergs, shi ma a Jamus ya ƙare rayuwarsa. Al'ummar da ta tsinci kanta a waje tana da malamanta da masu buga littattafanta tun daga ranar farko.

Barikin da ya zama makaranta

A tsofaffin barikokin soja aka zuba su, iyali biyu ko uku a ɗaki guda, bargo ne labulen da ya raba su. Hukumar agaji ta UNRRA, da IRO da ta gaje ta a 1947, sun riƙa tara 'yan gudun hijira bisa ƙasarsu ta asali, don haka wuri irin Esslingen, kusa da Stuttgart, ya koma tamkar ƙaramin garin Latbiya mai dubban mazauna. Tun da Amurka da Birtaniya ba su amince a doka da haɗiye ƙasashen Baltik da Sobiyet ta yi ba, ba su mayar da fararen hula gida da ƙarfi ba. Suwidin ce ta miƙa wa Sobiyet tsofaffin sojojin Baltik 146 a Janairun 1946, akasarinsu Latbiyawa, abin da ya ƙara wa kowa tsoro.

Ga mutane masu ilimi, ga lokaci, ga rashin aikin yi. Nan da nan makarantu suka buɗe, jaridu suka fara fitowa a kan takarda mai arha, 'yan wasan kwaikwayo suka riƙa zagaya sansanoni. A Maris 1946 malaman Latbiya da Istoniya da Lituweniya suka buɗe Jami'ar Baltik a birnin Hamburg da bama-bamai suka rusa, da ɗalibai wajen 1,000. Ta koma Pinneberg a 1947, aka rufe ta a 1949. A 1946 ɗin aka tara mawaƙa daga sansanoni daban-daban aka yi bikin waƙa a Fischbach, kusa da Nuremberg. A sansanin fursunonin yaƙi na Zedelgem a Beljiyom kuwa, tsofaffin sojoji suka kafa ƙungiyar Daugavas Vanagi ranar 28 ga Disamba, 1945, domin kula da nakasassun yaƙi da zawarawa da marayu. Daga baya ta yi rassa a duk inda Latbiyawa suka sauka.

Shekara huɗu ko biyar ɗin nan su ne suka horar da al'ummar. Mutane suka san juna, suka saba da zaɓen kwamiti da tara gudummawa da shirya taro. Da aka watse, kowa ya tafi da wannan sabo da adireshin abokansa.

Watsewar ta fara ne da neman ma'aikata. Birtaniya ta ɗebi 'yan mata aikin asibiti a 1946, sannan maza aikin gona da masaƙu da haƙar kwal. Ranar 28 ga Nuwamba, 1947, jirgin ruwa mai suna General Stuart Heintzelman ya sauke 'yan Baltik fiye da 800 a Fremantle ta Ostareliya, bisa sharaɗin kowa ya yi shekara biyu yana aikin da gwamnati ta ba shi. Amurka ta yi dokar karɓar 'yan gudun hijira a 1948. A ƙarshe wajen 40,000 suka tafi Amurka, wajen 20,000 Ostareliya, wasu dubbai Kanada da Birtaniya, 'yan kaɗan Kudancin Amurka. Tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda ba ƙasar da ke so, suka rage a Jamus. Lauya ya koma sharar ma'aikata, farfesa ya koma gadin dare.

Asabar da Lahadi na Latbiya ne

Da ɗan albashin nan aka gina kusan komai. Inda duk aka sami iyali hamsin ko ɗari, sai a kafa coci, a tara kuɗi a sayi gida na al'umma, a buɗe makarantar Asabar. Tsarin ya yi kama da na yaron da ke zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma: Litinin zuwa Juma'a yana makarantar gwamnati da Turanci, ranar Asabar kuma, sa'ad da abokansa ke filin ƙwallo, yana gaban wata malamar sa kai yana koyon nahawu da adabi da tarihi, yana haddace sunayen kogunan Daugava da Gauja da Venta. Yara da yawa sun yi ƙorafi, iyaye kuma ba su sassauta ba. A gidaje da dama doka ce, ba a Turanci a bakin abinci.

Littafi ma bai yanke ba. Helmars Rudzitis, wanda ya yi suna da buga littattafai masu arha a Riga tun kafin yaƙi, ya farfaɗo da kamfaninsa Gramatu Draugs a New York, ya kuma kafa jaridar Laiks a 1949. A shekarar aka fara jaridar Latbiyawan Ostareliya. A Stockholm masanin tarihi Arveds Svabe ya jagoranci buga kundin sani mai juzu'i uku a farkon shekarun 1950. Babban aikin da ya fi taɓa zuciyar jama'a shi ne na waƙoƙin gargajiya da ake kira daina, gajerun waƙoƙi masu layi huɗu da suka shafi haihuwa da aure da noma da mutuwa. Krisjanis Barons ya tattara kusan 218,000 ya buga tsakanin 1894 da 1915, amma akwatin takardunsa yana can bayan shingen Sobiyet. Sai kamfanin Imanta a Kopenhagen ya sake buga waƙoƙin cikin juzu'i 12 tsakanin 1952 da 1956, ma'aikatan masana'antu suna saye juzu'i bayan juzu'i.

Abin da ya fi haɗa kan kowa shi ne bikin waƙa. Tun 1873 Latbiyawa ke da al'adar tara ƙungiyoyin mawaƙa daga ko'ina a Riga, dubbai su tsaya a dandali ɗaya cikin tufafin yankunansu su rera da murya kawai. A 1953 aka yi irinsa na farko a Amurka, a Cikago, aka yi na Kanada a Toronto. Ostareliya kuwa tun 1951 ta fara nata taron al'adu, wanda ke zagaya birane a ƙarshen shekara. Hikimar bikin tana cikin shirinsa. Kafin mutum ya tsaya a dandalin, sai ya yi watanni yana zuwa gwaji mako-mako, yana furta kalmomi daidai, yana zama da 'yan'uwansa. Wata ta ɗinka siket, wani ya ƙera munduwa da maɗaurin azurfa. A irin wannan taro samari da 'yan mata daga garuruwa masu nisa ke haɗuwa, kuma aure da yawa daga nan ya samo asali. Haka bikin Yani na 23 da 24 ga Yuni, daren da ake hura wuta a kwana ana waƙa, maza sanye da kambin ganyen oak, ana cin cuku da baƙin burodi. A Ostareliya watan ya faɗo tsakiyar hunturu, amma ba a fasa ba.

Da 'ya'yan da aka haifa a waje suka fara balaga, aka ga Asabar kaɗai ba ta isa. A 1965 al'ummomin tsakiyar Amurka suka sayi fili a bakin tafki kusa da Three Rivers a jihar Michigan, suka sa masa suna Garezers. Matasa kan yi mako shida a can duk hutun bazara suna karatun sakandare da Latbiyanci. A nan ne Liga Ruperte ta fara sansanin 3x3 a 1981, inda kaka da ɗa da jika ke yin mako guda tare suna koyon saƙa da waƙa da tarihi. A Jamus akwai cikakkiyar sakandare ta Latbiyawa, wadda aka kafa a 1946 ta koma Munster a 1957, iyaye daga Amurka da Ostareliya suna turo 'ya'yansu.

Waƙa ita ce siyasar

Bege kaɗai ba zai sa mutum ya ba da kowace Asabar ta rayuwarsa ba. Abin da ya riƙe su shi ne imanin cewa harshen na iya mutuwa a gida. Mosko ta riƙa turo ma'aikata daga sauran sassan tarayyar, har Latbiyawa, waɗanda su ne kashi 75 cikin 100 na ƙasar a 1935, suka koma kashi 52 a 1989. Don haka koya wa yaro daina a Milwaukee aikin ƙasa ne a wurinsu.

Sun haɗa wannan da matsa wa gwamnatoci lamba. Tun 23 ga Yuli, 1940, Amurka ta ce ba ta amince da mamayar ƙasashen Baltik ba, kuma ofishin jakadancin Latbiya a Washington bai rufe ba har 1991; Anatols Dinbergs ya yi shekaru yana wakiltar ƙasar da ba ta da gwamnati. Ƙungiyar Latbiyawan Amurka da aka kafa a 1951, da gamayyar Latbiyawa ta duniya da aka kafa a tsakiyar shekarun 1950, su suka riƙa tsaron wannan matsayi. Da gwamnatin Gough Whitlam ta Ostareliya ta amince da mamayar a 1974, 'yan Baltik suka fito zanga-zanga suka hana ta sakat, gwamnatin Malcolm Fraser kuma ta soke matakin a ƙarshen 1975.

Amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Rikici mafi zafi shi ne na hulɗa da gida. Hukumomin Sobiyet sun kafa kwamitin hulɗar al'adu da 'yan ƙasa mazauna waje, suna aika jaridar Dzimtenes Balss kyauta har gidajen mutane, suna gayyatar matasa ziyara. Dattawa suka ce tarkon KGB ne, duk wanda ya je ya ci amana. Matasa suka ce harshe mai rai yana Riga, ba za su ƙaurace wa marubutan can ba. Mujallar Jauna Gaita, wadda aka fara a 1955, ta sha suka saboda buɗe shafukanta ga adabin gida. Da Imants Lesinskis, wanda ya taɓa shugabantar kwamitin, ya gudu zuwa Amurka a 1978, ya tabbatar cewa jami'an leƙen asiri ne ke juya shi. Duk da haka ziyarce-ziyarcen nan su suka ƙulla zumuncin da ya yi rana daga baya.

Akwai kuma abin da aka yi gum da baki a kansa. A lokacin mamayar Jamus an kashe Yahudawan Latbiya wajen 70,000, kusan 25,000 daga cikinsu cikin kwana biyu a dajin Rumbula a ƙarshen 1941, kuma akwai Latbiyawa a cikin makasan. Wasunsu sun saje da 'yan gudun hijira. Viktors Arajs ya yi shekaru a ɓoye a Jamus kafin kotun Hamburg ta ɗaure shi rai da rai a 1979. Konrads Kalejs ya mutu a Melbourne a 2001 ana cikin shari'ar miƙa shi ga Latbiya. Farfagandar Sobiyet ta gauraya gaskiya da ƙarya don ta shafa wa kowa baƙin fenti, al'ummar kuma ta fake da wannan ta ƙi duba gaskiyar. Sai a 1996 ɗaya daga cikin 'yan gudun hijirar, masanin tarihi Andrievs Ezergailis, ya fitar da cikakken littafi a kan kisan. Haka ma zamanin Karlis Ulmanis, wanda ya rushe majalisa a 1934 ya yi mulki shi kaɗai: a makarantun Asabar galibi kyawunsa kawai ake faɗi.

Haɗuwar da ta zo da mamaki

A 1989 mawaƙan Cikagas Piecisi na Latbiyawan waje, waɗanda aka daɗe ana sauraron kaset ɗinsu a ɓoye a Latbiya, suka yi wasa gaban dubban mutane a dandalin Mezaparks na Riga. A bikin waƙa na 1990 mawaƙan waje suka tsaya tare da na gida. Ranar 21 ga Agusta, 1991, 'yanci ya dawo.

A nan aka ga cewa Latbiya biyu ce ta wanzu. Na waje sun riƙe harshen shekarun 1930, har da haruffan da hukumomin Sobiyet suka cire daga rubutu, sun kuma yi masa ɗaurin Turanci. Na gida nasu ya sha Rashanci. Na gida na ganin baƙin sun yi zamansu cikin daɗi sun dawo suna koya wa waɗanda suka sha wuya kishin ƙasa. Na waje kuma sun tarar da ƙasar da ba ta yi kama da ta littafin Asabar ba. Ko coci ya rabu: na waje ya naɗa mace, Lauma Zusevica, shugabarsa a 2015, na gida kuma ya haramta wa mata limanci a 2016. Ƙalilan ne suka koma da zama, domin gida da fansho da jikoki duk suna waje.

Ƙalilan ɗin sun yi tasiri fiye da yawansu. Vaira Vike-Freiberga, wadda aka haifa a Riga a 1937, ta tashi a sansanin Lubeck, ta yi karatu a Maroko, ta zama farfesa a Jami'ar Montreal tana nazarin daina. Ta koma a 1998, ta zama shugabar ƙasa daga 1999 zuwa 2007, a zamaninta Latbiya ta shiga NATO da Tarayyar Turai a 2004. Krisjanis Karins, haifaffen Delaware a 1964 kuma ɗan makarantar Asabar, ya yi firaminista daga 2019 zuwa 2023. Masanin tarihi Paulis Lazda daga Wisconsin shi ya assasa gidan tarihin mamaya a Riga a 1993, Gunars Birkerts daga Michigan kuma ya zana babban ɗakin karatu na ƙasa da aka buɗe a 2014.

A waje kuwa, dawowar 'yanci ta cire dalilin da ya riƙe mutane. An rufe sakandaren Munster a 1998. Majami'u sun haɗe, an sayar da wasu gidajen al'umma, jaridar Laiks kuma aka koma shirya ta a Riga. Jikoki da yawa suna rawa, suna sa tufafin gargajiya, amma magana da Turanci suke yi. Rawa da abinci sun fi harshe jure auratayya da nisa.

Sai kuma wata sabuwar fita ta taso. Bayan 2004, musamman bayan durƙushewar tattalin arziki a 2008 da 2009, dubun dubata suka tafi neman aiki Birtaniya da Ayalan da Jamus da Norwe. Yawan jama'ar ƙasar ya sauka daga kusan miliyan 2.7 a 1989 zuwa wajen miliyan 1.9 a 2021. Waɗannan ba korarru ba ne, jirgin sama na awa uku ke mayar da su Riga, amma 'ya'yansu na mance harshe kamar yadda jikokin na da suka yi. Wannan karon akwai gwamnati a bayansu: a 2013 aka faɗaɗa damar riƙe fasfo biyu, a 2019 dokar kula da mazauna waje ta fara aiki, ana kuma tallafa wa makarantun ƙarshen mako da kuɗi da littattafai. A gidan Straumeni da Daugavas Vanagi suka saya a Leicestershire a 1975, sababbin zuwa ne suka riƙa fin yawa a daren Yani. A bikin waƙa na 2023, na cika shekara 150, mutum wajen 40,000 suka yi waƙa da rawa a Riga, cikinsu har da ƙungiyoyi daga Amurka da Kanada da Ostareliya da Ayalan.